Babi na Bakwai: Yini Guda a Ronda

"Idan yini guda kacal gare ni, ina zan je?" Babu tambayar da na fi sha daga bakin mutanenmu da tafiya ta kai kudancin Sifaniya kamar wannan. Galibi mai tambayar ba yawon buɗe ido ne ya fito da shi daga gida ba. Taro ne ya kai shi Malaga, ko duba ɗa da ke karatu, ko wata harkar kasuwanci, sai ya wayi gari da Asabar guda a hannu kafin ranar jirgi. Wani kuma yakan juya tambayar ya ce: anya yini guda ya isa mutum ya ce ya ga gari? Ba gara ya kwanta a masauki ya huce gajiya ba?

Idan Madrid ko Basalona yake nufi, gaskiyarsa ne, yini guda ko zauren gari bai wuce da kai ba. Amma Sifaniya cike take da ƙananan garuruwa masu dogon tarihi waɗanda ƙafa ke ratsawa daga wannan ƙofa zuwa waccan cikin rabin sa'a. Irin waɗannan yini guda yana isar su, muddin mutum ya shiga da tambaya guda a ransa ya bar ta ta ja shi. A wannan babi zan ɗauki gari ɗaya, Ronda, mu bi ta cikinsa daga hantsi zuwa la'asar sakaliya. Tambayar da za mu riƙe kuwa ita ce wadda duk wanda ya tashi a unguwar da ake jiran mai garuwa zai fara yi in ya ga wurin: mutanen nan da suka haye kan dutse suka zauna, ina suke samun ruwan sha?

Wane irin gari ne?

Ronda tana cikin lardin Malaga, a yankin Andalusiya, kimanin kilomita 100 yamma da birnin Malaga. Mutanenta ba su kai 35,000 ba. Tana zaune a kan wani faffaɗan tudun dutse da ya ɗara bakin teku da sama da mita 700, duwatsu sun kewaye ta ta kowace fuska. Wani ƙaramin kogi mai suna Guadalevín ya daɗe yana cin dutsen nan har ya tsaga shi biyu, ya bar kwazazzabon da ake kira El Tajo, wanda zurfinsa ya kai mita 100, a wasu wuraren ma ya haura. Ka ƙiyasta bene mai hawa 30 an zura shi cikin rami, rufinsa ya yi daidai da tafin ƙafarka.

Wanda ya san Kano ba zai sha wahalar gane tsarin garin ba. A kudancin kwazazzabon akwai La Ciudad, wato Birni, tsohon gari mai ganuwa da lunguna. A arewa akwai El Mercadillo, ma'anarsa 'yar kasuwa, unguwar da ta tashi a wajen ganuwa inda fatake da masu sana'a suka riƙa sauka, kamar dai yadda Fagge take ga Birnin Kano. A yau 'yar kasuwar ce ta fi yawan jama'a, can tashar mota da ta jirgin ƙasa suke, can bankuna da kantuna suke.

Musulmi sun karɓi garin jim kaɗan bayan shigarsu Andalus a 711. A ƙarni na 11 Ronda ta taɓa zama masarauta mai cin gashin kanta a hannun Banu Ifran, kafin Ishbiliya, wato Sebiya ta yau, ta haɗiye ta a 1065. Daga baya ta riƙa yawo tsakanin hannun sarakunan Garnada da na Banu Marin na Fas, har zuwa watan Mayun 1485 da rundunar Sarki Fanando ta ci ta. A lokacin Muhammadu Rumfa ne ke sarautar Kano. Wannan ɗan tarihin ya ishe ka guzuri, sauran za mu tsince shi a hanya.

Hanya da agogo

Daga Malaga motar haya tana cin kusan sa'a biyu, daga Sebiya ma kusan haka. Akwai hanyar da ke bi ta cikin ƙasa, akwai kuma wadda ke bin bakin teku ta Marbella sannan ta miƙe sama daga San Pedro de Alcántara. Ta biyun ta fi kyan kallo, amma kwana ce bisa kwana kamar maciji, don haka mai jin jiri a mota ya nemi kujerar gaba, kada kuma ya cika ciki kafin tashi. Ka sayi tikitin komawa tun da safe, ka rubuta lokacin motar ƙarshe a takarda.

Ka ɗauki motar farko. Wajen ƙarfe 11 manyan motocin 'yan yawon buɗe ido suke fara sauke jama'a daga otal-otal na bakin teku, kuma duk wuri guda suke nufa. Wanda ya riga su da sa'a ɗaya ya sami garin a hannun masu shi: tsofaffi na shan kofi a tsaye, ana wanke ƙofar kanti da bokiti.

Agogon Sifaniya yana rikita baƙo. Ƙasar tana can yammacin Turai amma tun 1940 take bin agogon tsakiyar Turai, ga kuma ƙarin sa'a guda da ake yi da bazara. Saboda haka a watan Yuni rana ba ta yin tsaka sai bayan ƙarfe 2, ba ta faɗuwa sai bayan 9 da rabi na dare. Mai lissafin Azahar da La'asar ya lura da wannan, ya kuma saka 'yar dardumarsa a jaka. A watan Disamba kuwa wajen ƙarfe 6 magariba ta yi, ga sanyin kan dutse da ya fi na Malaga cizo. Takalmi ya zama mai riƙe ƙasa, domin lungunan Birni da duwatsu aka daɓe su, ƙafafu sun goge su sun yi santsi.

Gadar da kowa ya zo gani

Daga tasha ka bi titin Carrera Espinel, wanda 'yan gari ke kira La Bola, titin da mota ba ta shiga. Cikin minti 15 za ka iso bakin kwazazzabo, ga gada a gabanka. Puente Nuevo ake ce mata, wato Sabuwar Gada, ko da yake an gama ta tun 1793, shekara 11 kafin jihadin Shehu Usmanu. Tsayinta mita 98. An shafe fiye da shekara 30 ana gininta, da dutsen da aka fasa daga gindin kwazazzabon aka riƙa jawowa sama, kuma magini José Martín de Aldehuela ne ya kai aikin ƙarshe. Kafin ita an yi wata a 1735, mai baka guda, cikin gaggawa. Shekara shida ta yi ta rufta, ta tafi da mutum kusan 50. Wannan ne ya sa ta yanzu ta zama kamar katanga mai ƙofofi, ƙafafunta kafe a cikin kogi. A saman bakan tsakiya akwai wani ɗaki da aka taɓa mayarwa kurkuku.

Ka leƙa ta cikin ƙarafan da aka gitta a jikin gadar. Tsuntsaye za ka gani suna shawagi a ƙarƙashinka, kana kallon bayansu. Can ƙasa ƙwarai, ga wani siririn zare mai ƙyalli. Ruwan garin ke nan.

Yawancin baƙi a nan ziyararsu take farawa, a nan take ƙarewa: hoto, sayen tsaraba, abinci, sai mota. Ba na ganin laifinsu, gadar ta isa a zo dominta. Sai dai lokacin da aka gina ta Ronda ta riga ta tsufa. Ƙarnoni masu yawa garin ya rayu babu ita, kuma abin da ya raya shi yana can ƙasa inda zaren nan yake. Sai mu sauka.

Matakala zuwa gindin dutse

Da ka ƙetare gada ka shiga Birni, ka karya hagu ka gangara wani titi mai suna Cuesta de Santo Domingo. Akwai gida da ake kira Casa del Rey Moro, wato gidan sarkin Musulmi. Sunan ya fi gidan tsufa a baki kawai, domin ginin na ƙarni na 18 ne, babu sarkin Musulmin da ya taɓa kwana a ciki, lambunsa ma wani Bafaranshe mai suna Forestier ne ya tsara shi a 1912. Abin da ya kawo mu yana ƙarƙashin lambun: wata 'yar ƙofa a jikin dutse da ake kira La Mina.

A ƙarni na 14, zamanin da Banu Marin ke riƙe da garin, aka bi wata tsaga ta dutsen aka faɗaɗa ta, aka sassaƙa matakala daga cikin ganuwa har zuwa bakin kogi. Ana danganta aikin ga Abu Malik, ɗan Sarkin Fas Abul Hasan. Abu Malik ɗin ya yi mulkin Ronda, ya rasu a 1339. Matakan sun haura 200, zurfin ya kai wajen mita 60. Dalilin aikin a fili yake. Garin da ke kan dutse yana da wuyar ci da yaƙi, amma yana da sauƙin kashewa da ƙishirwa. Abokin gaba ba sai ya hau ganuwa ba, ya zauna a bakin kogi kawai ya jira tuluna su bushe. Matakalar nan ita ce amsar mutanen Ronda: hanyar ɗebo ruwa wadda kibiyar maƙiyi ba ta isa gare ta, domin duk a cikin cikin dutse take.

Ranar da na sauka, tun daga mataki na goma zafin waje ya yanke kamar an rufe ƙofa. Bango yana tsatsafo da ruwa, ɗigo na faɗo mini a wuya, matakan sun jiƙe sun yi gansakuka, ba kuma tsayinsu ɗaya ba, wani gajere wani sai ka miƙa ƙafa. Haske yana shigowa ta wasu ƙananan ramuka da aka huda a bango. A hanya akwai ɗakuna da aka gina cikin dutsen, ɗaya daga ciki idan mutum ya yi raɗa a wannan kusurwa na waccan kusurwar yana jin sa, wanda ke tsakiya bai ji komai ba. A ƙarshe sai wata ƙofa, ka fito kan ɗan dandamali, ruwa kore shar kwance a gabanka, bangon dutse biyu sun miƙe sama sun bar wa sararin samaniya 'yar siririyar hanya. Hayaniyar gari duk ta ɓace. Na daɗe a tsaye a wurin.

Hawa shi ne karatun. Ba abin da ke hannuna sai gorar ruwa ta rabin lita, amma sau uku ina tsayawa ina dafa bango. A tsayawa ta biyu ne na tuna masu garuwan unguwarmu. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, kuma su a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suke tura ta a kura, duk da haka kowa ya san yadda rigarsu take jiƙewa. A nan kuwa a salka ake ɗaukar ruwan, a hau da shi matakai 200 cikin duhu da santsi, a sauko a sake. Waɗanda suka yi wannan aiki fursunonin yaƙi ne, Kiristoci da aka kamo aka bautar. Mu da muka tashi muna jin labarin Andalus da ƙuna a zuci, muna tuna masallatai da malamai da littattafai, ya kamata mu tsaya a kan matakalar nan mu tuna da waɗannan bayin Allah su ma. Ruwan alwalar Birni a kafaɗarsu ya hau.

Ta wannan ƙofa kuma ajalin garin ya shigo. A 1485 rundunar Fanando ta yi wa Ronda ƙawanya a daidai lokacin da yawancin mayaƙanta suka fita, ta kafa igwa tana rusa unguwannin waje. Mutanen Rodrigo Ponce de León, mai sarautar Kadis, suka gano bakin matakalar a gindin dutse suka tare shi. Garin da ake ganin ba ya ciwuwa bai yi wata guda ba ya miƙa wuya. Aka fitar da mazaunansa Musulmi, aka raba gidajensu ga waɗanda suka zo da rundunar. Bayan shekara bakwai, a 1492, Garnada ta bi baya.

Gidan wanka a bakin ƙofa

Ka ci gaba da gangarawa. Za ka wuce ta ƙarƙashin wata ƙofa da aka gina a 1742, ka ga Tsohuwar Gada ta ƙarni na 17, a ƙasanta kuma wata 'yar ƙarama da ake kira gadar Larabawa. A nan kwazazzabon ya ƙare, ƙasa ta kwanta, wani rafi da ake kira Rafin Macizai ya haɗu da kogi. A wannan mahaɗa aka gina gidan wankan garin, tsakanin ƙarshen ƙarni na 13 da farkon na 14, kuma yana cikin waɗanda suka fi tsira da siffarsu a duk Sifaniya. Ambaliya ce ta binne shi da laka tsawon zamani, lakar kuma ta adana shi.

Daga waje ba ka ganin komai sai 'yan tuddai na bulo masu huji-huji. Da ka shiga sai ka gane rufi ne. Ɗakuna uku ne a jere, na sanyi, na ɗumi, na zafi. Na tsakiya ya fi girma, bakuna masu siffar kofaton doki sun tashi a kan ginshiƙai sun riƙe rufin, an huda rufin da tagogi masu siffar taurari. Idan rana ta ɗaga, taurarin nan suna sauka a ƙasa, suna tafiya a hankali a kan daɓe. Na ga wata yarinya 'yar shekara huɗu ko biyar tana tsalle daga wannan tauraro zuwa wancan, kakarta na zaune a gefe tana ƙirga mata.

Yadda wurin ke aiki abin sha'awa ne ga duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadama. Mu jigo muka sani. Su kuwa wani keke suka kafa a kan rijiya a bakin rafin, tuluna ɗaure a jikin igiya, jaki yana zagayawa yana juya shi, tulunan na nutsewa wofi suna fitowa cike suna juyewa a kwararo. Kwararon yana bisa 'yan bakuna har yau, shi ke kai ruwan cikin gida. A ƙarshen ginin akwai murhu da tukunyar dafa ruwa, zafin wutar kuma ba a barin sa ya tashi a banza: ana bi da shi ta ƙarƙashin daɓen ɗakin zafi, a watsa ruwa a kan daɓen, tururi ya cika ɗaki. Ba kwami ake shiga ba, gumi ake yi a cuɗa jiki a ɗauraye da guga.

Ka lura da inda aka ajiye shi: a wajen ganuwa, dab da ƙofar shiga gari. Ruwa a nan yake, ba sai an hau da shi ba. Ban da haka, matafiyin da ya kwaso ƙurar hanya yana fara tsarkake jikinsa kafin ya shiga cikin jama'a da masallaci. Unguwar majema da sauran masu sana'ar da ba ta yiwuwa sai da ruwa ita ma a nan gefen take. Wanda ya fahimci matakala da gidan wankan nan ya riƙe Ronda ta dā a tafin hannunsa: masu mulki a sama inda tsaro yake, masu aikin hannu a ƙasa inda ruwa yake.

Sunayen da suka ƙi tashi

Yanzu sai hawa, ta gefen ganuwar gabas, a koma cikin Birni. Mutanen sun tafi tun 1485, amma kunnen Bahaushe zai riƙa tsintar abin da suka bari. Ƙofar kudu, mai hasumiyoyi biyu masu kauri, sunanta Almocábar. Ka maimaita a hankali: maƙabarta. A wajenta ake binne mamata. Sunan kogin kansa ana mayar da shi ga Wadil Laban, kogin madara. Shugaban ƙaramar hukuma a Sifaniya alcalde ake ce masa, daga kalmar da ta ba mu alƙali. 'Ya'yan itacen da za a ajiye maka a faranti kafin abinci kuwa aceituna ne, zaitun ɗinmu. Rijiya ɗaya harsunan biyu suka sha.

A babban dandalin Birni akwai cocin Santa María la Mayor, wadda aka gina a gurbin masallacin Juma'a. Daga mashigarta, a jikin bango, an bar wani yanki na bakan mihirabi da adonsa na farar ƙasa. Ɗan kaɗan ne, wanda bai sani ba zai wuce shi. Gaba kaɗan, a wani ƙaramin fili, ga hasumiya ita kaɗai a tsaye, gindinta dutse samanta bulo. Masallacinta ya zama coci, cocin ma ta rushe, ita ta rage. Filin da take ciki an sa masa sunan Abul Beka, wato Abul Baƙa'i Arrundi, mawaƙin da ɗaliban adabin Larabci a jami'o'inmu suka sani da marsiyyarsa ta faɗuwar biranen Andalus. Ya yi kukan Kurɗuba da Ishbiliya ya rasu a 1285, garin da ake danganta shi gare shi kuma ya ƙara shekara 200 cif kafin abin ya iso kansa.

Akwai wani ɗan garin da ya fi kusa da zaurukan karatunmu. Ibn Abbad Arrundi an haife shi a nan a 1333, ya ƙetara Maroko tun da ƙuruciya, ya zama limami kuma mai huɗuba a masallacin Ƙarawiyyin na Fas har rasuwarsa a 1390. Sharhinsa a kan Hikam na Ibn Aɗa'illah yana hannun malaman tasawwufi har gobe. Da na dawo gida na gaya wa wani dattijon malami a unguwarmu cewa na je garin Ibn Abbad. Ya ajiye carbinsa ya ce, "Ɗana, ashe Runda gari ne da ake zuwa?" Na ce, "Allah gafarta Malam, har motar haya tana zuwa." Shekaru yana karanta nisbar a bangon littafi. Ya sa na zauna na kwatanta masa dutsen da kogin dalla-dalla.

Abincin rana

Kafin ka gama wannan zagaye ƙarfe 2 ta yi, kuma a Sifaniya lokacin ne ake zaman cin abinci, har wajen 4. Ƙananan kantuna da yawa suna rufewa a tsakanin nan. Gidajen abincin da ke bakin gada kuɗin kallo ake haɗa maka da na abinci. Ka koma lungunan El Mercadillo ko ka fita ta ƙofar Almocábar zuwa unguwar San Francisco, ka nemi inda aka rubuta menú del día, wato abincin yini mai farashi guda.

Musulmi sai ya buɗe ido, domin naman alade yana shiga girkin ƙasar nan ta inda ba a zato. Ka riƙe kalmomi huɗu: cerdo shi ne alade, jamón busasshiyar cinyarsa, chorizo tsiren da ake cusawa a hanji, manteca kitsensa. Na taɓa neman salmorejo, wata miyar tumatir mai kauri da ake sha da sanyi, na ɗauka ai tumatir da burodi da man zaitun ba abin tsoro. Aka kawo ta an barbaɗa mata jajayen 'yan gutsattsari a ka. Na ce wa mai kawo abincin, "Sin jamón, por favor." Ba musu ya ɗauke ya kawo wata da dafaffen ƙwai kaɗai. Tun daga ranar nake faɗa tun kafin a zuba. Kifi, da wainar ƙwai da dankali da suke kira tortilla, da gasasshen kayan lambu sun ishe ka. Farfesun wutsiyar sa da garin ya yi suna da shi galibi da giya ake dafa shi.

Kafin mota ta tashi

Sauran sa'a biyu ko uku. A El Mercadillo akwai filin wasan bijimai da aka buɗe a 1785, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a ƙasar, inda zuriyar Romero, musamman Pedro Romero, suka kafa salon tunkarar sa a ƙasa maimakon bisa doki. Ginin yana da kyau, zagayayye mai hawa biyu, yashinsa rawaya. Wanda ya taɓa kallon hawan ƙaho zai gane jarumtar da ake nema a wurin, amma a nasu wasan sai an raunata san an gajiyar da shi sannan a kashe shi a gaban jama'a, kuma ni raina bai taɓa karɓar wannan ba. A Sifaniyar ma mutane da yawa sun juya masa baya. Na leƙa na fito.

Inda na fi so in ƙarasa yinin shi ne ƙasan gada. Daga dandalin María Auxiliadora a cikin Birni akwai hanyar ƙafa da ke gangarawa ta yamma. Minti 15 na sauka za ka juyo ka ga gadar tun daga gindi har sama, ruwa na zubowa daga ƙarƙashinta, rana ta la'asar ta mayar da dutsen kamar zuma. A kwarin da ke ƙasa akwai kufan injinan niƙa da ruwan kogin ke juyawa a dā. Ka tuna duk abin da ka sauka sai ka hau shi, ka bar wa kanka lokaci. Wanda gwiwarsa ta gaji da matakalar safe ya tafi lambun Alameda del Tajo kusa da filin bijimai, ya sami benci a inuwa, ya kalli gonakin zaitun da duwatsu. A nan na shimfiɗa dardumata a wani gefe na yi La'asar, ba wanda ya ko waiwayo.

Kusan ƙarfe 5 manyan motocin sun kwashe jama'arsu, 'yan gari sun fara fitowa yawon yamma a La Bola, tsofaffi riƙe da hannun juna. Ta cikinsu za ka ratsa zuwa tasha.

Akwai ɗan Ronda guda da na ajiye ban ambata ba. Abbas ibn Firnas, wanda ya rasu a 887, a wannan yanki aka haife shi, kuma shi ne ake ba da labarin ya ɗaura wa kansa fukafukai ya yi tsalle daga tudu don ya gwada tashi. Duk wanda ya tsaya a bakin El Tajo ya ga tsuntsaye na shawagi a ƙarƙashin ƙafarsa zai ji labarin ya zauna masa. Amma ba a Ronda ya yi gwajin ba. Kurɗuba ya tafi, fadar Banu Umayya, inda a yau wata gada a kan kogin Guadalquivir take ɗauke da sunansa. Can za mu bi shi a babi na gaba, mu ga yadda ake tunkarar birnin da yini guda ba ya isar sa.